A Bar Mu Mu Haɗa Kwamfutar Falo Da Hannunmu

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, in faɗi ra'ayina game da wata magana wadda takan kawo ɓacin rai a gidaje da yawa, wato maganar wasan kwamfuta da kallon fim. Yaro yana so, uba yana tsoro, uwa kuwa ta rasa wanda za ta goya wa baya. Ƙarshenta sai a yi ɗayan biyu. Ko dai a hana ƙememe, yaro ya sulale ya tafi shagon gem na bayan layi inda ba wanda ya san abin da yake gani ko waɗanda yake zama da su, ko kuwa a gaji da nacinsa a saya masa waya, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Ni a ganina duka biyun asara ce. Shawarar da na kawo ita ce, gidan da Allah ya hore wa, a samar da ƙaramar kwamfuta guda ɗaya, a jona ta da talabijin, a ajiye ta a falo inda idon kowa yake, a riƙa wasa da kallo da ita. Sa'an nan kuma, wannan shi ne babban roƙona, kada a sayo ta a haɗe. A bar mu mu yaran gidan mu haɗa ta da hannunmu.

Wani zai ce me ya kawo kwamfuta falo, ai ita kayan ofis ce. To, in aka duba tarihi za a ga cewa kwamfutar gida da talabijin tare suka taso. A shekarar 1972 aka fara sayar da na'urar wasa ta gida a Amurka, mai suna Magnavox Odyssey, da talabijin ɗin gida ake jona ta. A 1976 wani saurayi mai suna Steve Wozniak ya ƙera kwamfutar farko ta kamfanin Apple, wadda in ka saya allo kawai za a miƙo maka, kai za ka nemo mata akwati da madannan rubutu, ka kuma jona ta da talabijin. A Ingila kuwa, kwamfutar BBC Micro ta fito a 1981, ZX Spectrum ta biyo baya a 1982, yara suka riƙa jona su da akwatin talabijin ɗin iyayensu. Da wasa suka fara, daga nan suka so su san yadda ake yin wasan, da haka da yawansu suka zama gwanayen rubuta manhaja. Ɗaya daga cikin yaran wancan zamanin, Eben Upton, da ya girma yana aiki a Jami'ar Kambirij, sai ya lura cewa ɗaliban da ke zuwa karatun kwamfuta ba su kai na da sanin cikinta ba, don sun tashi da na'urori a rufe, sai dai su danna su kalla. Wannan ya sa shi da abokan aikinsa suka fito da Raspberry Pi a 2012, kwamfuta ce wadda ba ta wuce girman katin cirar kuɗi ba, a kan dala 35, don yara su samu abin da za su taɓa da hannu ba tare da fargaba ba. Ashe ke nan abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne, hanya ce da wasu suka bi suka ga amfaninta.

Mu ma nan falonmu yana da nasa tarihin. Tun da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, iyayenmu suna ba mu labarin yadda unguwa guda kan taru a gidan mai akwati, manya a kan kujera, yara a kan tabarma, ana kallon wasan Samanja ana dariya tare. In abin da bai dace ba ya gilma, babba ya yi gyaran murya, a kashe. In yaro bai gane wani abu ba, ya waiwaya ya tambaya. Yau fa? Ka shiga gida bayan sallar isha'i ka tarar da mutum bakwai, kowa ya sunkuyar da kai a kan tafin hannunsa, an yi tsit kamar ana zaman makoki. Akwatin yana nan a bango, amma taron ya watse. Kwamfutar falo tana iya maido da wannan taron, domin allo ɗaya ne, kuma babba ne, kowa yana gani.

Bari in yi bayanin abin da ake nufi da haɗa kwamfuta, saboda iyayenmu kada su zaci ƙira za mu yi irin ta maƙera, ko mu kama walda a tsakar gida. Kayan duk an riga an ƙera su a masana'anta, aikinmu shi ne mu zaɓi waɗanda suka dace da juna, mu zaunar da kowanne a mazauninsa. Guda shida ne manya. Na farko shi ne uwar allo, wato faifan da duk sauran kayan ke hawa kansa. Na biyu ƙwaƙwalwa, wadda masu sayarwa ke kira furosesa, ita ce mai yin lissafi duka. Na uku shi ne ram, wato inda kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin, kamar tabarmar da mai talla ke shimfiɗa kayansa, da an kashe wuta sai a naɗe. Na huɗu rumbun ajiya, inda fina-finai da wasanni ke kwana. Na biyar akwatin wuta, mai karɓar lantarkin bango ya rage ƙarfinsa ya raba wa kowa gwargwadon buƙatarsa. Na shida kuwa shi ne gidan da za a zuba su duka, tare da fankarsa. Kayan aikin da ake buƙata bai wuce sukundireba guda ɗaya mai bakin giciye ba. Kowane abu an yi masa rami daidai da shi, in ka juya shi baibai ba zai shiga ba, sai fa in ka sa ƙarfi, shi kuwa ƙarfi ba shi da wuri a wannan aiki.

Girman uwar allo shi ke yanke girman kwamfutar. Irin wadda aka saba gani a manyan kwamfutocin ofis, mai suna ATX, wadda kamfanin Intel ya fito da tsarinta a 1995, tsawonta santimita 30 da rabi ne, faɗinta ya ɗan haura 24. Wannan sai ƙaton akwati mai kama da jarka, wanda ba uwar da za ta yarda a girke mata shi a gaban kujerunta. Amma a 2001 kamfanin VIA na ƙasar Taiwan ya fito da ƙaramin tsari mai suna Mini-ITX, santimita 17 tsawo, 17 faɗi, wato bai kai shafin littafin rubutunmu ba. Da irin wannan allo ana iya haɗa kwamfutar da ba ta fi kwalin takalmi ba, ta zauna lafiya lau a ƙarƙashin talabijin, waya guda ɗaya ta HDMI ta ɗauki hoto da murya ta kai. Sai dai in faɗi gaskiya, ƙaramin allon sau da yawa ya fi tsada. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya nemi matsakaici, mai suna microATX, ya sa shi a akwati mai kwanciya irin na tsohuwar bidiyo. Ba laifi ba ne, kowa ya yi rawa daidai da kiɗansa.

Wajen zaɓen ƙwaƙwalwa ne ya kamata a yi tunani sosai, don a nan ne kuɗi ke zurarewa. Masu wasa na ƙasashen waje sukan sayi wani kati na musamman mai zana hoto, wanda shi kaɗai yakan fi sauran kayan duka tsada, ga girma, ga zafi, ga shan wuta. Akwai wani da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022, mai suna RTX 4090, wanda shi kaɗai yana iya jan wat 450. Mu a nan ba mu da buƙatar wannan. Akwai ƙwaƙwalen da aka haɗa musu mai zana hoto a cikinsu, kamar Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021, an ƙayyade ta a wat 65. Da ita za a kalli fim tangaran, a kuma buga ƙwallo ko tseren mota, in dai an haƙura ba a ce sai hoton ya kai matuƙar kyau ba. Ga wata dabara da ya kamata a sani. Irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta da tabarmar kanta ta zanen hoto, da ram ɗin kwamfutar take aro. Saboda haka in za a sa gigabait 16, gara a sayi sanda biyu masu takwas-takwas da a sayi guda ɗaya mai 16, domin sanda biyu kamar ƙofa biyu ce a ɗakin taro, shiga da fita sun fi sauri. Kuɗin kusan ɗaya ne, amma bambancin a wajen wasa ido yana ganinsa.

Game da rumbun ajiya, a nemi irin na zamani da ake kira SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa. Wani ma siriri ne kamar tsinken cingam, santimita 8 tsawonsa, a jikin uwar allo ake kwantar da shi da sukuru ɗaya. Ba ya ƙara, ba ya jin girgiza, kuma kwamfuta takan tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. In fim guda ya ci gigabait 2, to rumbu mai gigabait 1000 zai ɗauki fim kusan 500. Wannan ya wadatar da gida, har a samu wurin ajiye bidiyon bikin yayyenmu da hotunan kakanni, waɗanda yanzu suke warwatse a wayoyi, in waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa shi ke nan sun tafi.

Yanzu sai maganar da na san ita ce ta fi damun kowane maigida, wato wutar lantarki. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da farashin lantarki a Nijeriya ta kai kuɗin awo ɗaya naira 225 ga masu rukunin A. Bari mu yi lissafi da wannan farashin, irin wanda Malamin lissafi ya koya mana. Ƙaramar kwamfutar da na bayyana, in ana wasa da ita, mu ƙaddara tana jan wat 100. In aka yi awa 3 kullum har kwana 30, an sha awo 9 ke nan, wato naira 2,025 a wata. Ƙatuwar kuwa mai wancan katin, mu ƙaddara ta a wat 600 gaba ɗaya, za ta sha awo 54, wato naira 12,150. Kun ga bambancin ya ninka shida. Ban da haka, gidan da ke da sola da inbata zai iya riƙe ƙaramar da talabijin tare har dare ya yi nisa, ƙatuwar kuwa kafin a je hutun rabin lokaci batir ya fara kuka. Abu guda da ba zan yarda a yi ƙwauronsa ba shi ne akwatin wuta da sitabilaiza. Mun san halin wutarmu, ta zo da rauni, ta zo da ƙarfi, ta ɗauke ba sallama. Akwatin wuta na banza in ya ƙone yakan tafi da sauran kayan duka. A nan kam araha ba ta ado.

Abokan gaba biyu ne ke jiran wannan kwamfuta a ƙasarmu, zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa in zafinta ya haura 90 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wasa ya riƙa sarƙewa. Ƙaramin akwati ya fi saurin ɗaukar zafi, don haka a zaɓi mai ramukan iska da yawa. A kuma sani cewa babbar fanka mai santimita 12, mai juyawa a hankali, ta fi ƙarama mai gudun tsiya tura iska, ta kuma fi ta shiru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a falo, don ba wanda ke son kallon fim ga wani abu yana ƙugi kamar injin markaɗe. A nan ina roƙon iyayenmu mata alfarma guda biyu. Kada a kulle ta a cikin durowa mai gilashi tare da kwanukan ado, kada kuma a lulluɓe ta da ƙyallen leshi tana aiki, ko da ya yi kyau, domin numfashi take yi. In hunturu ya shigo, a buɗe ta lokaci lokaci a hure ƙurar da ta taru a fanka. Hunturun yana da wata illa kuma. Kowa ya san ɗan tartsatsin nan da kan yi ƙas in ka tuɓe rigar sanyi da dare, ko ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin, da mu ba ya yi mana komai, yana iya kashe ram ko ƙwaƙwalwa. Saboda haka kafin a taɓa kayan sai a fara taɓa ƙarfen akwatin, a riƙe kowane allo ta gefensa, kada kuma a yi aikin a kan darduma ko kafet.

In an gama haɗawa, saura abin da zai motsa ta, wato manhaja. A nan ne labarin ya fi yi mini daɗi, don yawancin abin da ake buƙata kyauta ne, kuma masu ƙaramin shekaru ne suka fara shi. Linux, wanda ke iya tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya a madadin Windows, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan ne ya fara shi a 1991, sunansa Linus Torvalds, yana da shekara 21. VLC, mai alamar hular kan titi, wadda kusan kowa ke kallon fim da ita, ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta birnin Faris ne suka fara ta a 1996, aka sake ta ga duniya a 2001. Kodi kuwa, wadda ke jera fina-finai da manyan hotuna yadda mutum zai zaɓa daga kan kujera ba sai ya matso ba, masu sha'awa ne suka fara ta a kan na'urar wasa ta Xbox, aka sa mata wannan suna a 2014. Ta fannin wasa akwai kasuwar Steam ta kamfanin Valve, wadda aka buɗe a 2003, tana da tsari na musamman don talabijin da madannin wasa. Sai dai a lura, wasu wasannin, kamar na ƙwallon ƙafa na kamfanin EA, ba sa tashi sai da Windows, don haka a san abin da ake so kafin a zaɓa. 'Yan'uwana ɗalibai, ku dubi waɗannan mutane. Ba su fi mu kai ba. Abin da suka fi mu shi ne an bar su sun buɗe na'ura sun leƙa cikinta.

Wani uban zai ce, to in dai wasa ne, me zai hana in sayo PlayStation a huta? Lalle PlayStation na'ura ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma a rufe take. Ba ka canza mata ƙwaƙwalwa, ba ka rubuta wasiƙa da ita, ba ka koyon rubuta manhaja a kanta, abin da kamfanin ya yarda shi kaɗai za ka yi. Kwamfutar da aka haɗa a gida kuwa, in ram ya yi kaɗan baɗi sai a ƙara, in akwatin wuta ya lalace shi kaɗai za a canza, kuma wanda ya haɗa ta shi ne makanikenta, ba sai an ɗauka an kai kasuwa ana biyan kuɗin dubawa ba. Da rana ta zama ta karatu, da yamma ta zama ta wasa, da dare ta zama silima. Kada mu manta, tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Ɗalibi nawa ne suka san amsa amma hannunsu na rawa a kan linzami, lokaci ya ƙare suna neman inda za su danna? Yaron da ya tashi da kwamfuta a falonsu, wannan fargabar ba ta same shi.

Na san akwai masu cewa wasan kwamfuta yana lalata yara, kuma ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ba, ruwa ba ya tsami banza. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a 2019, ta amince da sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka, wato idan mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan karatu da barci da sauran al'amuran rayuwa, abin ya kai kamar shekara guda yana cutar da shi. Dukanmu mun san wani a ajinmu da ke gyangyaɗi a darasin farko saboda ya kwana yana latsa waya a cikin bargo. Amma ku lura da inda abin ya faru: a cikin bargo. Jaraba duhu take so da kaɗaici. Kwamfutar falo ba ta shiga aljihu, ba ta shiga bargo, ba ta bin yaro makaranta. In Baba ya ce ƙarfe tara a kashe, kashewa ɗaya ce ta wadatar da kowa. Wayar da ke hannun yara biyar kuwa, sai ya zama ɗan sanda a gidansa kafin ya iya da su.

Haka nan maganar abin da ake gani. Iyayenmu da yawa ba su san cewa wasanni suna da alamar shekaru ba. A Turai, tun 2003, akwai tsarin da ake kira PEGI, wanda ke buga lamba a jikin kowane wasa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Wasan nan da yara ke rububi a shagunan gem, Grand Theft Auto, lambarsa 18 ce, wato masu shi da kansu sun ce ba na yara ba ne, amma sai ka tarar da ɗan shekara goma yana bugawa, mai shago ko a jikinsa, shi dai a ba shi kuɗinsa. A gida kuwa uba ba ya buƙatar jin Turanci kafin ya karanta lamba. Ban da haka, Windows da Steam da Kodi duk suna da wurin sa lambar sirri, yadda babba zai kulle abin da bai yarda da shi ba, ya kuma ƙayyade lokaci. Ta fannin fim ma, sai a zaɓa tare. Akwai namu na gida masu daraja, kamar Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda da yawanmu mun karanta littafin amma ba mu taɓa ganin fim ɗin ba. Ina kuma jan kunnen 'yan'uwana, kada mu mai da rumbun nan ma'ajiyar kayan sata. Masu shirya fina-finan Hausa sun daɗe suna kuka da masu tura musu aiki a waya ba izini. Abin da mai shi ya saki kyauta a YouTube a kalla, abin da ya sa wa kuɗi a biya.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar da ba a kauce mata. Ba kowane gida ne zai iya sayen sababbin kaya ba, balle a wannan lokaci da buhun shinkafa ya zama abin da ya zama, kuma ba zan so wani ya karanta wannan ya je ya tayar wa mahaifinsa da hankali ba. Ci da sutura da kuɗin makaranta su ne gaba. Amma abin hawa hawa ne. Wanda ba zai iya sabo ba, akwai ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda wasu ba su fi girman ƙamus ba. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, kuma tsofaffi da yawa daga cikin irin waɗannan ba sa karɓar Windows 11, alhali lafiyarsu ƙalau, Linux yana tafiya a kansu sumul. A sayi ɗaya, a buɗe, a share ƙura, a ƙara mata ram, a canza mata rumbu, wannan ma haɗawa ce. Sai dai a tafi da wanda ya sani, a kuma gwada a gaban mai kaya kafin a biya. Wanda wannan ma ya fi ƙarfinsa, Raspberry Pi tana nan, ba ta shan wutar da ta wuce ta ƙwan fitila, ta isa kallon fim da ƙananan wasanni. Kuma ba dole ne a saya rana ɗaya ba. 'Ya'yan gida su haɗa kuɗin barka da salla da na 'yar sana'ar hutu, wannan wata a sayi abu guda, wata mai zuwa a sayi wani. Abin da yaro ya tara wa kuɗi da guminsa ba ya wasa da shi.

Akwai wani abu da nake so in faɗa wa 'yan'uwana maza musamman. In an tashi wannan aiki kada mu ture ƙannenmu da yayyenmu mata gefe, mu ce su je su kawo ruwa. Sukundireba ba ta san namiji ko mace ba. A ajinmu ma mun ga waɗanda ke zuwa na ɗaya a kimiyya, kuma aikin nan natsuwa yake so da karanta takardar bayani, abin da mu maza ba kullum muke da haƙurinsa ba. In an gama kuma, a yi rabon lokaci da adalci, har Inna ta samu ranar da za ta zaɓi abin da za a kalla. Kayan falo na kowa ne, ranar da ya zama na mutum ɗaya, amfaninsa ya ƙare.

Daga ƙarshe ina miƙa roƙo ga Shugaban makaranta da malamanmu na kimiyya. In akwai tsofaffin kwamfutoci da suka daina aiki a ɗakin ajiya, a ba ƙungiyar ɗalibai ta kimiyya, mu kwance su mu mayar a ƙarƙashin kulawar malami. Ko uku matattu suka ba da rayayya ɗaya an ci riba, kuma wanda ya koya a kan matacciya ba zai ɓata sabuwa a gida ba. Ku kuma iyayenmu, mun sani abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, shi ya sa muke so abin ya kasance a gabanku, ku sa mana doka, ku riƙe makullin. Mu dai abin da muke nema shi ne a yarda da mu a ba mu sukundireba. Duniya ta cika da masu dannawa, masu buɗewa su gyara su ne kaɗan, kuma su ake nema. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.